Wanda madara ke ɓata wa ciki da wanda take tayar wa borin jini, ciwo ɗaya ne?

Ummu_Hanan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga ma'aikatan lafiyar da ke cikin wannan zaure ce. A gari magana ɗaya ake yi wa mutum biyu, a ce "wane jikinsa ba ya son madara". Na farko babba ne, in ya sha shayi mai kauri sai ciki ya ɗau ƙugi, ya kumbura, iska ta dame shi, wani lokaci har da gudawa. Na biyu jariri ne, ana ba shi madarar gwangwani sai leɓe ya kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu. Wasu na cewa ciwo ɗaya ne, na jaririn ne dai ya fi tsanani. Haka ne? Kuma madarar nan da ake sayarwa a manyan kantuna, wadda aka ce an cire mata laktos, za a iya ba su duka biyun?

LikitanYara_KN: Wa alaikumus salam Hajiya. Ba ciwo ɗaya ba ne, ba su ma haɗa hanya ba. Madara tana da sukari, tana da furotin. Na farko sukarin ne ya gagare shi narkarwa. Na biyu garkuwar jikinsa ce ta ɗauki furotin ɗin a matsayin abokin gaba.

Sukarin madara shi ne laktos. Jiki ba ya iya tsotse shi yadda yake, sai wani sinadari da bangon ƙaramin hanji ke fitarwa, laktas, ya raba shi gida biyu, gulukos da galaktos. In laktas ya yi ƙaranci, sukarin sai ya wuce babban hanji bai narke ba. A can abu biyu ke faruwa: yana jawo ruwa cikin hanji, shi ne gudawar, sannan ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanjin su cinye shi su fitar da iska, shi ne ƙugin da kumburin da murɗawar. Yawanci bayan minti 30 zuwa awa 2 da sha. Abin yana da wahala, amma a ciki yake farawa, a ciki yake ƙarewa. Ba ya kumbura leɓe, ba ya shaƙe numfashi, ba ya kisa.

Na biyun kuwa bai tsaya a hanji ba. Yana taɓa fata, ido, maƙogwaro, huhu, har jini ya faɗi. Kuma ba ruwansa da yawa, cokali ɗaya ya isa, wani yaron ma ɗigo.

Amsar tambayarki ta biyu: madarar da aka cire wa laktos furotin ɗinta yana nan cif. Ga na farko magani ce, ga na biyu daidai take da kowace madarar shanu. Kada a ba shi ko kaɗan.

Abban_Sadiq: Likita, to ai duk su biyun suna iya yin amai da gudawa. Uwa a gida ta yaya za ta bambance?

LikitanYara_KN: Malam, abu uku za ta duba. Shekaru, yawan abin da aka sha, da ko akwai alama a wajen ciki. Kowane jariri lafiyayye da laktas ɗinsa yake zuwa duniya, tunda nonon uwa ya fi na saniya laktos, kusan giram 7 a kowane mililita 100, na saniya bai kai 5 ba. Laktas ba ya fara raguwa sai bayan yaye. Saboda haka ɗan wata uku da ke amai, ga kirci a kumatu, ga ɗigon jini ko majina a kashi, furotin za a fara zargi, ba laktos ba. Ɗan shekara ashirin da ke shan rabin kofi lafiya lau, amma kofi biyu ya kwance masa ciki, wannan laktos ne.

Nas_Rakiya: In ƙara a kan maganar Likita. Rashin jituwa da furotin ɗin ma iri biyu ne, kuma na biyun shi ya fi ruɗa iyaye.

Akwai mai saurin tashi, cikin mintuna zuwa awa 2: borin jini, kumburin leɓe ko fatar ido, amai, tari, shaƙewar murya, ƙirji yana fito. A lura, a baƙar fata borin ba lallai ya yi ja ba. Shafa za a yi da hannu, a ji tudu-tudu, yaron yana ta susa.

Akwai kuma mai jinkiri, daga awanni har zuwa kwana 3: kirci da ya ƙi jin magani, kuka da gantsarewa bayan shayarwa, yawan tumbuɗi, kashi da zaren jini, yaro ba ya ƙara nauyi. Shi wannan ake ta yi wa maganin atini da na haƙori wata da watanni. Akwai wani nau'insa mai tsanani da yaro zai yi ta kwarara amai awa 1 zuwa 4 bayan sha, ya yi laƙwas, tafin hannu da cikin ido su yi fari. Wannan asibiti yake buƙata nan take, ƙarin ruwa ake yi masa.

Bafulatana_Yola: Ni abin da nake so a yi min bayani, mu da nono muka tashi, yara da tsofaffi, safe da yamma. In da mafi yawan manya ba sa narkar da shi kamar yadda ake faɗa, ai da rugage sun cika da masu gudawa.

Malamin_Kimiyya: Hajiya Bafulatana, maganarki tana da tushe, kuma an yi bincike a kai. A duniya, kusan kashi biyu cikin uku na manya laktas ɗinsu yana raguwa bayan ƙuruciya. Wannan shi ne asalin halitta, haka sauran dabbobi masu shayarwa suke. Waɗanda nasu ke ci gaba har tsufa su ne al'ummomin da suka daɗe da kiwo: mutanen arewacin Turai, Larabawa makiyaya, Masai da Tutsi a gabashin Afirka, da Fulani. Gado ne. Binciken da aka yi a Najeriya a farkon shekarun 1970 ya nuna mafi yawan Fulani makiyaya suna narkar da laktos, Yarabawa da Ibo kusan dukkan manyansu ba sa narkarwa, Hausawa da Fulanin gida suna tsakani. To shi ya sa a gida ɗaya a Kano ko Damagaram za a samu wa yana shan kofi biyu ba abin da ya same shi, ƙane kuwa rabin kofi ya hana shi sakat.

Dalili na biyu kuma, a ruga ba ɗanyar madara aka fi sha ba, nono ne da kindirmo, waɗanda suka kwana suka yi tsami.

MaiAbinci_Asibiti: Nan nake so in tsaya, domin mutane suna jin "tsami ya cinye laktos" su ɗauka ya ƙare ƙaf. Bai ƙare ba. Kwanan da nono ke yi yana rage kamar kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku ne. Abin da ya sa ciki ke karɓarsa shi ne ƙwayoyin da suka tsamar da shi suna da nasu laktas ɗin, suna ci gaba da aiki a cikin hanji, sannan kaurinsa yana sa ya sauka a hankali. In aka tafasa yogot bayan ya yi tsami don ya daɗe a kanti, ƙwayoyin sun mutu, wannan amfanin ya ragu. In kuma an labta masa garin madara don ya yi kauri, laktos ɗinsa na iya komawa daidai da na madara.

Ga lissafin da zai taimaki mai matsalar laktos. Kofi ɗaya na madarar shanu, mililita 250, yana da kusan giram 12. Mafi yawan masu wannan matsala suna iya ɗaukar giram 12 a zama ɗaya ba tare da wata damuwa mai yawa ba, musamman in da abinci aka haɗa. In aka raba safe da yamma, ana iya wuce haka a wuni. Garin madara mai cikakken mai sama da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa laktos ne, wanda aka cire wa mai kuwa kusan rabi. Giram 30 na gari, abin da ake damawa a kofi guda, ya kai giram 11 ko 12. Madarar ruwa ta gwangwani an ƙafe ruwanta ne, don haka ta ninka, kusan giram 10 a giram 100.

Yanzu a duba teburin mai shayi: rabin gwangwani na madarar ruwa, cokali biyu na gari, ga Milo wanda shi ma da madara a cikinsa. Kofi ɗaya ya haye giram 12 nesa ba kusa ba. Mutum sai ya ce madara ta ƙi shi, alhali da zai rage zuwa cokali uku ko huɗu na ruwan, ya sha da burodi da ƙwai, da ya zauna lafiya. Haka a watan azumi, wanda ya buɗe baki da madara mai sanyi kofi biyu a kan ciki wayam, ta zarce hanji da gudu, ya fi jin jiki. A fara da dabino da ruwa, a ci abinci, sannan a sha kaɗan.

Abban_Sadiq: Kenan fura da nono ba laifi?

MaiAbinci_Asibiti: Ga mai matsalar laktos, yawanci ba laifi, furar ma tana rage saurin saukarsa. A fara da ludayi biyu ko uku a gani. Ga mai borin furotin, haramiyarsa ce. Tsami ba ya taɓa furotin ta yadda garkuwar jiki za ta daina gane shi.

Dan_Agadas: Salamu alaikum. A wajenmu akwai cuku, busasshen nan na nonon shanu ko na awaki, ga kuma nonon raƙumi. Ana yawan cewa wanda na shanu ya ƙi shi ya koma na akuya ko na raƙumi. Yaya gaskiyar wannan?

LikitanYara_KN: Malam Dan_Agadas, na akuya da na tunkiya a cire su daga lissafi. Furotin ɗinsu ya yi kama da na saniya ƙwarai, yara tara cikin goma da na saniya ke tayar wa bori, na akuya ma zai tayar musu. Laktos ɗinsu kuma kusan ɗaya ne da na saniya, don haka ga ɗaya matsalar ma ba su da wani fifiko.

Na raƙumi ya ɗan bambanta. Ba shi da ɗaya daga cikin furotin ɗin da ke tayar da bori, wanda ake kira beta-laktogulobulin, kuma sauran nasa ba su yi kama da na saniya sosai ba. Wasu yaran suna ɗaukarsa. Amma ba duka ba, kuma ba abin da za a gwada a gida ba ne ga yaron da ya taɓa kumbura. Laktos kuwa yana da shi.

Cuku shi ne misalin da ya fi fito da bambancin fili. In aka daskarar da nono, ruwan da ke tsatsowa da shi mafi yawan laktos ke tafiya. Abin da ya rage a faifai furotin ne da mai. Furotin ɗin madara kashi 80 cikin 100 kasin ne, shi ne wannan farin da ke daskarewa. Saboda haka busasshen cuku sauƙi ne ga mai matsalar laktos, ga mai bori kuwa shi ne mafi haɗari, don furotin ɗin ne aka tara wuri ɗaya.

Bafulatana_Yola: Haka cukun da ake yi da ruwan tumfafiya? Shi ɗanye ne, da ruwa-ruwa a jikinsa.

MaiAbinci_Asibiti: Shi yana da sauran laktos fiye da busasshen, gwargwadon ruwan da ya rage a jikinsa, amma bai kai madara ba. In an matse shi an soya ya ƙara raguwa. Kuma a bambance shi da awarar waken suya, ita babu madara a cikinta ko kaɗan, sunan ne ke ruɗa mutane a wasu garuruwan.

Jami'inTsafta_Gusau: Ku yi haƙuri zan ɗan karkata. Ba duk gudawar da ta biyo bayan shan nono ce laktos ba. Nonon da ba a tafasa ba kafin a kwantar da shi, ko aka sirka da ruwan da ba shi da tsafta, ko ya wuni a rana ƙuda na bi, yana kawo gudawa da kansa. Alamar wannan ita ce zazzaɓi, amai, kuma mutum biyu ko uku da suka sha ƙwarya ɗaya duk su kwanta. Laktos ba ya sa zazzaɓi. Ɗanyen nono kuma yana iya ɗaukar cutar bakkale, wadda ke sa shanu ɓari, da tarin fukan shanu. A tafasa madarar tukuna, ta huce, sannan a zuba mata iri.

Nas_Rakiya: Gaskiya ne Malam, amma a ƙara da cewa tafasawar kashe ƙwayoyin cuta take yi kawai. Ba ta cire laktos, ba ta lalata kasin. Iyaye da yawa suna cewa "ai na tafasa sosai", su ba yaro mai bori.

Malamin_Kimiyya: Sista, a nan akwai ɗan gyara. An gano cewa kusan yara bakwai cikin goma masu borin madara suna iya cin wadda aka gasa cikin fulawa, kamar biskit ko kek, saboda zafin tanda da haɗuwa da fulawar suna canza siffar wasu furotin ɗin. A kan haka aka gina tsarin da ake bi mataki-mataki, daga biskit zuwa kek, zuwa cuku da yogot, har a kai ga madara.

Nas_Rakiya: Na yarda Malam, amma gashin tanda na minti 20 ko 30 daban, tafasa a tukunya daban. Kuma ukun da suka rage cikin goman fa? Ba a gane su da ido. Wannan tsarin likita ne ke cewa a fara, kuma yaron da ya taɓa samun matsalar numfashi ko yake da asma, a asibiti ake ba shi loma ta farko, da allura a ajiye a gefe.

MaiMagunguna_Maradi: Tunda an zo maganar allura, bari in faɗi wannan don ma'aikatan ƙananan asibitoci da masu kemis, domin a nan ake asarar rai. In bayan shan madara yaro ya fara shaƙewa, murya ta dishe, harshe ya kumbura, ƙirji na fito, ko ya yi laƙwas zai suma, maganin farko adirenalin ne. Ba Piriton ba, ba haidirokotizon ba. Piriton ƙaiƙayi yake ragewa, ba ya buɗe maƙogwaro, ba ya ɗaga jinin da ya faɗi.

Adirenalin mai ƙarfin miligiram 1 a mililita 1, a tsokar cinya ta gefen waje, tsakiyarta. Babba da wanda ya haura shekara 12, mililita 0.5. Shekara 6 zuwa 12, mililita 0.3. Wata 6 zuwa shekara 6, mililita 0.15. Da sirinjin mililita 1 ake aunawa, babban sirinji ba zai ba da daidai ba. In bayan minti 5 ba sauƙi, a maimaita. Kada a yi wannan ƙarfin ta jijiya. A kwantar da mara lafiya a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ne ya fi damunsa a bar shi ya zauna, amma kada a miƙar da shi tsaye ko a sa shi tafiya, jini na iya yanke wa zuciya. Ko ya warware a wuce da shi asibiti a sa masa ido na awanni, domin abin yakan dawo karo na biyu.

Ummu_Hanan: Allah ya saka da alheri. To gwaji fa? Akwai wanda zai tabbatar da wanne ne?

Lab_Sakkwato: Akwai, kowanne da nasa. Na laktos, mafi inganci gwajin numfashi ne. Mutum ya kwana bai ci komai ba, a ba shi giram 25 na laktos a ruwa, ya riƙa hura iska a na'ura duk minti 30 har awa 3. In haidirojin, iskar da na'urar ke aunawa a numfashi, ya ƙaru da maki 20 a kan na farko, sukarin bai narke ba. Wanda ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin sati huɗu da suka wuce sakamakonsa ba abin dogaro ba ne, haka wanda ya sha taba a safiyar. Inda babu na'urar ana yin na jini: a sha giram 50, a auna sukarin jini kafin sha da bayan awa ɗaya da awa biyu. In bai tashi da miligiram 20 a kowane mililita 100 na jini ba, laktas ya yi ƙaranci.

Na bori mai saurin tashi, ana ɗiga ruwan furotin a fatar hannu a ɗan tsaga da tsinin allura, a duba bayan minti 15. Tudu mai faɗin milimita 3 ko fiye shi ne alama. Sai an daina shan Piriton da danginsa kwanaki kafin gwajin. Akwai kuma na jini mai auna IgE, sinadarin garkuwar jiki da ke tayar da borin. Amma gwajin na iya nuna alama ga yaron da ke shan madara lafiya, don haka ba a hana yaro madara saboda takarda kawai, sai an haɗa da abin da ya faru da shi. Mai jinkirin kuwa waɗannan gwaje-gwajen ba sa kama shi. Hanyarsa ita ce a cire madara gaba ɗaya sati 2 zuwa 4, a ga sauƙi, sannan a mayar a ga ko alamun sun dawo. Mayarwar nan ita ake yawan tsallakewa, kuma ba tare da ita ba ba a tabbatar da komai ba.

Gwajin IgG, wani sinadarin garkuwar jiki daban, da ake tallatawa wai yana gano abinci ɗari da ba su dace da mutum ba, asarar kuɗi ne. Abin da mutum ya saba ci yake nunawa.

Abban_Sadiq: Ga wanda yake ƙauye ba ko ɗaya daga cikin waɗannan?

MaiAbinci_Asibiti: Babba wanda alamunsa a ciki kawai suke, bai taɓa kumbura ko borin jini ba, zai iya gwada kansa. Ya bar madara, nono, yogot, askirim da shayi mai madara sati biyu. In ciki ya lafa, ya sha kofi ɗaya na madara da safe ba tare da komai ba, ya saurari cikinsa awa uku. In alamun sun dawo, ya samu amsa. In sati biyun ba su canza komai ba, a nemi wani dalilin. Amma mai ramewa, ko jini a bayan gida, ko gudawar da ke tashinsa cikin dare, ba gwajin gida zai tsaya yi ba, likita zai gani.

Ungozoma_Katsina: Ni damuwata masu shayarwa ce. Da jariri ya fara kuka da koren kashi, sai a ce nonon uwar ne ba kyau, a cire shi a koma gwangwani. Wannan kuskure ne babba. Ko uwa ta daina shan madara, laktos ɗin nononta ba ya raguwa, domin maman ne ke haɗa shi da kansa. Abin da ke ratsawa daga abincinta zuwa nono shi ne ɗan burbushin furotin ɗin shanu. Don haka in likita ya zargi borin furotin ga jaririn da ke kan nono zalla, ba yaye shi ake yi ba. Uwar ce za ta bar madara da duk abin da aka yi da ita sati 2 zuwa 4, a ba ta ƙwayar kalsiyam da bitamin D, ta ci gaba da shayarwa. In ba a ga canji ba ta koma cin abincinta.

LikitanYara_KN: Haka yake Hajiya. In kuma jaririn a kan gwangwani yake, akwai madara ta musamman da aka farfasa furotin ɗinta ƙanana ƙwarai, in ita ma ta ƙi sai wadda aka yi da amino asid zalla, wato ƙananan tubalan da furotin ke ginuwa da su. Suna da tsada kuma ba ko'ina ake samu ba, wannan ita ce wahalar da iyaye ke sha a nan. Wadda aka rubuta wa HA rabin farfasawa aka yi mata, ba ta isa magani ba. Ta waken suya ba a so a ba ɗan ƙasa da wata 6, kuma wasu yaran ita ma tana tayar musu. Kunun gyaɗa, kunun aya da madarar waken suya ta gida ba za su maye gurbin nono ga jariri ba, yaro zai rame ya kumbura.

Akwai kuma hali na uku da bai kamata a manta ba. Bayan gudawa mai tsanani, ko tamowa, bangon hanji yakan goge, laktas ya ragu na ɗan lokaci. Yaro sai ya riƙa zawo mai ruwa da kumfa da warin tsami duk sanda ya sha madara, ɗuwawu ya yi ja ya saɓule. Wannan yana warkewa cikin makonni. Nonon uwa ba a dakatar da shi, a haɗa da ruwan gishiri da sukari da zinc, miligiram 20 kullum kwana 10 zuwa 14, ɗan ƙasa da wata 6 miligiram 10. A irin wannan ne madarar da aka cire wa laktos ke da amfani ga ɗan gwangwani, na ɗan lokaci.

Jaririn kwana kaɗan da ke amai, ga shawara, ga ƙin kama nono, ga kasala, wannan a garzaya asibiti. Akwai wata cutar gado da ba kasafai ake samunta ba, galaktosemiya, ita ma daban take da duk biyun.

MaiMagunguna_Maradi: Karanta jikin kwali ma ilimi ne. Mai bori ya nemi waɗannan kalmomi: milk, whey, casein, caseinate, butter, cream. A kayan da ke shigowa ta Nijar da Faransanci za a ga lait, lactosérum, caséine, beurre. Garin da ake zubawa a gahawa a madadin madara, ko an rubuta ba madara a ciki, sau da yawa akwai caseinate. Madarar da aka cire wa man shanu aka sa man itace, irin ta ƙananan leda, furotin da laktos ɗinta suna nan. Burodi, biskit, cakulan, alawar madara da wasu majarin duk a duba. Abincin nan na leda da ake ba yara masu tamowa ma akwai garin madara a ciki, a sanar da ma'aikata in yaron yana da bori.

Mai matsalar laktos kuma akwai ƙwayar laktas, ana haɗiya da kurɓin farko, ba bayan ciki ya fara ƙugi ba. Laktos ɗin da ake sawa a ƙwayoyin magani kaɗan ne ƙwarai, kada wani ya bar maganinsa saboda shi.

Ummu_Hanan: In an hana yaro madara gaba ɗaya, ƙashinsa fa?

MaiAbinci_Asibiti: Tambaya mai kyau. Kofin madara yana ba da kusan miligiram 300 na kalsiyam. Ɗan shekara 1 zuwa 3 yana buƙatar kamar 700 a rana, babba 1000. Kuka, zogale, riɗi da ƙananan kifin da ake ci da ƙaya duk suna da shi, amma cikin yaro ƙarami ne, da wuya miya kaɗai ta cike gurbin, shi ya sa ake yawan haɗawa da na sha daga asibiti. Kuma kada a bar yaro a kan hani har abada. Mafi yawansu suna rabuwa da borin kafin ko a shekarun firamare, don haka a riƙa komawa ana dubawa duk wata 6 zuwa shekara. Ƙarancin laktas na gado shi ne ba ya komawa, sai dai a san gwargwadon da ciki ke ɗauka.

Bafulatana_Yola: Saura man shanu. Soyayye, wanda aka tace. Ai shi ba nono a cikinsa.

Malamin_Kimiyya: Laktos ɗinsa kusan babu, mai matsalar ciki ya zuba a tuwonsa ba fargaba. Furotin ɗin ma mafi yawansa yana kwantawa a ƙasan tukunya lokacin suya, a tace shi.

Nas_Rakiya: "Mafi yawansa" ba duka ba ne Malam. Tatar gida da rariya ko tsumma tana barin burbushi, kuma mun ce wani yaron ɗigo ya ishe shi. Ni dai ba zan ce a ba mai bori ba, kuma kada a shafa masa a jiki, musamman inda kirci ya farfasa fata. Man kaɗanya ko basilin sun wadatar.

Dan_Agadas: To wanda nasa mai jinkiri ne, bai taɓa kumbura ba, shi ma haka?

LikitanYara_KN: A makonnin gwaji a cire har man shanun, in ba haka ba ba za a san abin da ya kawo sauƙi ko ya hana shi ba. Bayan an tabbatar, lokacin da aka fara mayar da madara mataki-mataki, a nan ake gwada shi, rabin ƙaramin cokali a cikin abinci da safe, a sa ido kwana uku kafin a ƙara.